Abin da Baffa Ya Faɗa a Asibiti

Talata, 4 ga Mayu, 2004
Baffa ya rasu da hantsi. Ina aji da yara aka zo aka gaya mini. Yayana Hamma Kawu kaɗai ke gefensa. Cikinmu duka, sai shi, wanda tun da ya shiga Shi'a ban ƙara taka gidansa ba.

Alhamis, 6 ga Mayu
Har yanzu ina juya abin. Ana shirin sallar gawa Hamma ya miƙe gaban maza ya ce Baffa ya ce kada shi ya ja salla, a ba mijina. Babu wanda ya ji wasiyyar sai shi. Da ya yi shiru, wa zai sani? Ya koma sahun baya.
Yau kuma ya same ni a bakin murhu. Wai akwai saura. Baffa ya ce, "Ka gaya wa Hafiza kada ta yanke ka." Na ce na ji. Ta farkon na yarda. Wannan kam ta yi masa daɗi da yawa.

Asabar, 22 ga Mayu
Na koma karatun hadisi wajen Malama Safara'u. Yau ta karanta mana sunayen da ke gaban hadisin, waɗanda kullum nake tsallakewa: wane daga wane daga wane, har bakin Annabi (SAW). Ta ce mutum yakan yi tafiyar wata guda a kan raƙumi don jimla ɗaya. Ni zuwa Doma ma, nan kusa da mu, sai na yi mita. Ashe mutane ne. Suna da ƙafafu, suna jin ƙishirwa.
Ta ce bayan rikicin shugabanci da ya biyo rasuwar Annabi hanyar ta rabu. Mu 'yan Sunna muka karɓa ta hannun sahabbai, su 'yan Shi'a suka riƙe ta limamansu na gidan Annabi. Kowa ya shiga tambayar mai ba da labari, kai na wane ne?

Asabar, 5 ga Yuni
Allah mai iko. Malama ta ɗora yatsa a kan wani suna cikin littafinmu, namu na Sunna, ta ce mutumin Kufa ne, kuma ɗan Shi'a. Wata ta ce, "Malama, ya aka yi ya shigo?" Ta ce sun bincika shi ciki da waje, ba su taɓa kama shi da ƙarya ba, sai suka karɓi maganarsa suka bar masa aƙidarsa.
Na tambaya, in abin da ya faɗa yana taimakon ɓangarensa fa? Ta ce a nan malamai sun saɓa, wasu sun ƙi, wasu sun ce mai gaskiya mai gaskiya ne. Ta daɗe tana kallona.

Lahadi, 6 ga Yuni
Ban taɓa kama Hamma da ƙarya ba. Ko muna yara.

Laraba, 16 ga Yuni
Na je asibiti neman nas ɗin da ke aiki ranar, Sista Mwuese. So nake a samu mutum na biyu. Ta ce, "Ayya madam, Fulatanci suna yi, ni bai ji ba. Amma baba ya kama hannun shi, har ya mutu bai sake ba."
Ke nan ba mai tabbatar mini. Ta bakin mutum ɗaya maganar za ta zo, ko ta ɓace.

Litinin, 28 ga Yuni
Jiya na je Kwandere, inda Hamma yake. Don in duba shanun Baffa ne. Hamma na gyaran shinge, ya ga ni, igiya ta faɗi daga hannunsa. Na ce ya maimaita mini, yadda Baffa ya faɗa, kada ya gyara komai.
Ya faɗa da Fulatanci. Ya tsaya inda Baffa ya tsaya ya yi tari. Da ya zo sunana bai ce Hafiza ba, ya ce Iyam, yadda Baffa ke kirana in mu biyu ne. Wallahi muryar na ji, ta fito ta bakin wani.
Ɗansa Hizbullahi ya yi wayo, har yana tatsa. Matarsa ta dama fura, na sha.
Na kwana. Na ce wa mijina, Baban Usaina, mota ce ban samu ba.