Yaya Ya Ce Na Uku Ya Fi

Zuwa ga ƙanwata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki da sauran malaman makarantarku. Mu nan lafiya lau, shago yana tafiya, matata tana gaishe ki.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke cewa na sauka daga ra'ayina. Shekara ashirin da ɗoriya muna musu a kan wasan kwamfutar nan mai kashi uku da muka tashi da shi, wanda mutum ke haɗa mayaƙansa su shiga ƙarƙashin hasumiya suna neman mafita. Kullum ina cewa Na Ɗaya da Na Biyu su ne wasa, ke kuma kina cewa Na Uku ya shafe su. To na zauna na yi tunani, na ga gaskiyarki. Na Uku ya fi.

Saboda haka ina roƙon ki aiko mini da faya-fayansa guda huɗu da ke wurinki, ta hannun direban da ya kawo miki wannan. Tsohuwar kwamfutar marigayi Baba tana nan a ƙuryar shago, har yanzu tana tashi. Ga kuma kwali na haɗo miki, littattafan taswirar Na Ɗaya da Na Biyu ne, guda goma sha ɗaya. Ki riƙe su, ni ba ni da sauran amfani da su.

Allah ya bar zumunci. Ki huta lafiya.

Yayanki

*

Zuwa ga Sarkin Wahala,

Wa'alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina gaida Anti. Kwali ya iso, takarda ta iso, direba kuma ya koma hannu rabbana, don ko faifai ɗaya ban ba shi ba.

Yaya, sau uku na karanta takardar nan ina juya ta. "Ƙanwata abar ƙauna"? Tun da aka turo ni makarantar nan wasiƙarka ba ta taɓa buɗewa da komai ba sai "Zuwa ga Shugabar Malalata". Kuma yaushe ka fara buga wasiƙa da firinta? Kai ne fa ka ce takardar da ba a ja wa layi da jan biro ba sanarwa ce, ba musu ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Tunda ka manta matsayinka, bari in tuna maka. Kai ka ce a Na Ɗaya da Na Biyu ne mutum yake sanin nauyin takunsa, don idan maharbinka ya mutu ya mutu ke nan, babu komawa baya. Ka ce ƙananan rubutun nan kore da ke bayyana ɗaki da kalmomi sun fi hoto, saboda kowa yana gina ɗakin a cikin kansa. Ka ce taswirar da Na Uku ke zana wa mutum daidai take da a tauna abinci a sa maka a baki.

Ni kuma na ce maka faɗa da sauƙi, tunda ba kai ke zanen ba. Ni kake zaunarwa a kan bokitin fenti da littafin lissafi mai gida-gida, kana cewa "taku uku gabas, ƙofa a hagu," in na kuskure gida ɗaya in sha ranƙwashi. Rijiyar Na Biyu mai hawa bakwai, wata biyu cur na yi ina zana ta. Na Uku ne ya 'yanta ni. A cikinsa abokan tafiyarka mutane ne, suna magana da murya, suna fushi, suna riƙo. Ka ci amanar mai maganin nan ta cikin tawagarka a bakin gada ka gani, tafiyarta za ta yi, ko ka kusa mutuwa ba za ta waiwayo ka ba. A Na Ɗaya kuwa mayaƙanka lambobi ne kawai da aka rataya wa takobi. Wahalar da kake yabo ba hikima ba ce, masu ƙirƙirar wasan ne ba su gama koyon aikinsu ba tukuna.

Wannan ce amsata kamar kullum. Amma littattafan nan sun tsaya mini a rai. Ranar da zan bar gida na roƙe ka ɗaya tak, wanda na fi shan wuya a kansa, ka ce sai dai bayan ranka. Yau ga goma sha ɗaya a ɗakina ba wanda ya roƙa. Na kira wayarka sau huɗu, Anti ce ke ɗauka: kana wanka, ka fita sayen kaya, kana tare da kwastoma. Wankan nan naka ya yi yawa.

Faya-fayan suna cikin akwatina. Ka rubuto da hannunka ka faɗi dalili, sai su taho.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki, na kuma ji daɗin jin cewa kina lafiya. Duk abin da kika faɗa daidai ne.

Kin nemi dalili, ga shi. A Na Uku mutane suna magana da baki, ba sai an karanta ba. Hotunansa manya ne, launukansa a rarrabe, hanya kuma tana nuna kanta. Mutum yana iya jingina da kujera ya yi wasansa ba tare da ya takura ba. Idan shekaru suka fara ja, irin wannan ake bukata.

Maganar firinta kuwa, zamani ne ya zo da ita. Waya kuma kin san ni da ita tun asali. Kada ki sa komai a ranki. Direban zai sake biyowa ta wajenku ranar Laraba, don Allah ki ba shi saƙon.

Ina miki fatan alheri.

Yayanki

*

Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Ina yini, ina gajiya. Ke nake rubuta wa kai tsaye, tunda na gane da ke nake magana tun farko.

Rijiyar Na Biyu hawa tara ce. Da gangan na rubuta bakwai. Yaya yana iya yafe wa wanda ya taka masa ƙafa a kasuwa, amma ba zai bar a rage wa rijiyar nan hawa biyu ya kwana bai rama ba. A hawa na takwas ya rasa matsafinsa da ya yi shekara yana reno, ya yi kwana uku ba ya yi wa kowa magana a gida. Mutumin nan ne zai ce mini "duk abin da kika faɗa daidai ne"? Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini daidai ba, ko a kan ƙarfe nawa ne.

Kuma dalilan da aka lissafo, su ne ainihin abubuwan da yake zagin Na Uku a kansu. Wanda ya rubuta su ya ji ana maganar wasan ne daga nesa, bai taɓa zama a gabansa ba.

To abu biyu ne. Na farko, na sha jin kina cewa ƙuryar nan ta shago ta zama juji, kwamfutar Baba ta tare wuri. Na kuma ji akwai masu bin tsofaffin kaya irin wannan, ba sa ɗauka sai saiti ya cika. An kwashe littattafan da ba mai so an turo mini, ana neman faya-fayan da za su cika saiti. Biri ya yi kama da mutum. Idan haka ne, ki sani kwamfutar nan ta mu biyu ce, kuma ba ta zuwa ko'ina.

Na biyu shi ne wanda ba na so in rubuta. Wani abu ya sami ɗan'uwana kuna ɓoye mini. Idan yana asibiti ki faɗa. Idan abin ya wuce haka, Anti, ki ji tsoron Allah ki faɗa. Jiya ina tsaye a gaban allo na rasa abin da nake koyarwa, ɗalibai na kallona.

Idan ban ji gaskiya ba kafin Asabar ta sama, zan taho, kuma da Kawu zan taho.

Ki gafarce ni idan na yi kaushi.

Auta

*

Zuwa ga Malama,

Wa'alaikumus salam. Ina fata kin tashi lafiya. Yayanki yana raye, yanzu haka yana zaune a ƙofar shago yana faɗa da mai kawo batura. Ki kwantar da hankalinki ta wannan wajen.

Ni na buga takardun, gaskiyarki ce. Amma shi ya faɗa. Ciwon sugan nan ya taɓa masa idanu. Wata biyar ke nan. Likita ya ce za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa ya tafi. Yana ganin mutum, yana ganin launi da manyan abubuwa, amma rubutu ya gagare shi. Ya bar aikin liƙin wayoyi da dalma tun ranar da ya ƙona yatsa biyu, yanzu da kunne da lalube yake gane ciwon inji, abokin aikinsa ya gyara. Ya sa na yi alkawarin ba zan gaya miki ba, wayar ma ya ce kina jin muryarsa za ki gano shi. Yau na karya alkawarin, tunda har an kai ga kiran Kawu.

Wata rana bayan la'asar na same shi ya kunna Na Biyu, ya manna hancinsa a gilashin kwamfutar yana son karanta koren rubutun nan. Ya daɗe a haka. Sai ya kashe, ya nemi kwali, ya jera littattafan da hannunsa. Na shiga bayan kantar shago na yi kukana.

Ga nawa laifin. Shekara goma sha biyar ina buga takardu a ofis, aikina shi ne maigida ya zazzaga masifa ni in mayar da ita takardar mutunci. Hannuna ya saba. Yayanki cewa ya yi, "Rubuta wa Shugabar Malalata ki ce wasan ragwayen nata ya fi, ta turo min shi." Na ga ba a yi wa malama guda haka, na gyara. Da na karanta masa bakwai ɗin nan kuwa, miƙewa ya yi tsaye har kujera ta faɗi. Shafi ɗaya da rabi ya faɗa, hawa-hawa har tara, da abin da ke cikin kowane hawa, da zagi a tsakani. Na ga rigima ce ta banza, na taƙaita ta a layi ɗaya. Bai sani ba, don ba ya iya karanta abin da na buga. Wannan shi ya fi damuna. Na yi amfani da rashin ganinsa, ko da da kyakkyawar niyya ne.

Amma maganar sayar da kwamfutar Baba ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ni nake goge mata ƙura duk safiya, don ya daina ganin ƙurar.

Zan gaya masa komai da kaina kafin wannan ta iso gare ki.

Matar yayanki

*

Zuwa ga Yaya da Anti,

Assalamu alaikum. Anti, na zalunce ki, ki yafe mini. Ba ni da bakin kare kaina.

Yaya, sannu. Sannu, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ga faya-fayan nan duka huɗu, na naɗe su a tawul. Ka manta da duk abin da na rubuta, Na Ɗaya da Na Biyu sun fi, kai ke da gaskiya tun farko. Na nemi izinin shugaban makaranta, zan taho ranar Asabar ni kaɗai. Sannu, Yayana. Sannu.

Taka,
Auta

*

Shugabar Malalata,

Salam. Da maka, alƙalamin nan mai kaurin tawada, na rubuta, shafi huɗu ya ci, idan layi ya hau layi ki yi haƙuri da shi haka.

Antinki ta karanta min takardarki, na sa ta rantse ba ta rage ko harafi ba. Sannu huɗu na ƙirga.

Na saka Na Uku. Ina iya yin sa. Mai maganin nan taki surutunta ya yi yawa, kuma wasa ne na ragwaye har gobe, sai dai yanzu ni ma rago ne. Amma ke, wa ya ce ki sauka? Shekara ashirin kina da hujja, rana ɗaya kin zubar don an ce miki ba na gani?

Tun da abin nan ya same ni kowa yarda yake da ni. Maƙwabta, kwastomomi, har mai batura ya fara bar min. Ko na ce rana daga yamma take fitowa sai a ce haka ne, sannu. Ke kaɗai kika rage mai ce min ƙarya nake, shi ya sa na ɓoye miki.

Idan sannu za ki kawo min ranar Asabar, yi zamanki.

Yayanki