Inna Ta Ce Motata Tana Da Iska

Gwaggo Yalwa, don Allah ki cece ni, na shiga ruwa da ƙafafuna kuma ban iya iyo ba. Ina rubuto miki ina dariya, amma wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni mutumin Anka ne, ina saro shinkafa a Gummi in kai Gusau. Bana Allah ya yi mini alheri ta ko'ina. Kasuwa ta yi kyau, na sayi mota 'yar Amurka, ta hannu ce amma fes take. Sannan maiɗakina ta sauka lafiya can gidansu a Gummi, aka samu 'ya mace, haihuwarmu ta fari bayan mun daɗe muna jira. Na sa mata sunan Inna, mahaifiyata. Har yanzu in na tuna 'yan yatsunta sai in kama kaina ina murmushi a tsakiyar ciniki, masu awo suna kallona kamar na zautu.

Motar nan kuwa don Inna na saye ta. Tun rasuwar mahaifinmu ita ta riƙe mu da suyar ƙuli-ƙuli. Duk tafiyar da ta taɓa yi a bayan a-kori-kura ta yi ta, a kan buhu, ko a matse cikin motar haya. Tun ina yaro na yi wa kaina alkawari duk ranar da na mallaki mota, gidan gaba nata ne.

To, sai ƙuruciya ta ja ni. Ina da aboki, Sharu, wanda ba ya ganin abu ya bar shi yadda ya same shi. Ya dubi motar ya ce komai ya yi, amma wilin, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, sun yi kama da na motar dattawa. Ya ja ni Gusau muka sayo sababbi masu ƙyalli, da sababbin tayoyi a jikinsu. Gwaggo, ki ga motar! Yara har bin ta suke da gudu. Tsofaffin kuwa, da tayoyinsu a hure, na kwaso na jera su a zauren Inna, daidai inda nake ajiye motar, na ce wata rana za su yi amfani.

Tun daga ranar nan wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta fara kamawa a gaban sitiyari, mai siffar tukunya da ɗan layi a tsakiya. Na je wurin Ɗanmusa mai faci, ya auna tayoyi duka, ya ce lafiyarsu lau, wannan fitilar iska ce kawai. Na dawo gida muna cin tuwo, bakina da ba ya riƙe magana ya gaya wa Inna cewa mai faci ya ce fitilar iska ce ke kamawa a motar. Ta cire hannu daga kwano ta yi salati. Ni iskar taya nake nufi, ita kuma iskokai ta ji. Na yi bayani har miya ta huce, ta ce dama ta faɗa a ranta, motar da ta ƙetaro teku, ba a san wanda ya hau ta a can ba, ba a san abin da ya biyo ta ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, motar ma bayan Inna ta bi. In na ajiye ta a gida, Inna ta zagaya ta da kaskon turare, tazargade da habbatus sauda, ta yi tofi, in na tayar da ita da safe babu fitila. In na zaga gari na dawo, shiru. Amma da na ɗauki hanyar Gummi, daidai wajen wata ƙatuwar tsamiya da ke bakin titi, sai ta fara ƙiftawa, ta yi ta ƙiftawa, sannan ta tsaya cak ta ƙi mutuwa. Kullum a nan wajen, Gwaggo. Da ƙanena ya kai wa Inna wannan labari sai ta ce to me ya rage kuma, ai kowa ya san su waye mazauna tsamiya. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma yanzu in na hango tsamiyar nan Ayatul Kursiyyu nake ja.

Ranar suna Inna ta ƙi shiga. Ta hau motar haya, aka matse ta tsakanin mata da ƙoransu, ni ina biye da su a baya, Sharu ya baje a gidan gaba yana ɓare gyaɗa. An yi suna lafiya, an ci an sha, kowa na taya ni murna, amma wannan abu ya tsaya mini a rai. Na ji zafinsa ƙwarai.

Yanzu ga arba'in ta matso, za a dawo da mai jego ɗakinta. Burina Inna ta zauna a gaba mu je mu ɗauko takwararta. Ita kuwa ta rantse jikarta ba za ta shiga "wagga mota" ba. Maiɗakina in na kira ta dariya kawai take yi mini. Sharu ya ce in liƙe fitilar da baƙin salatif, ko mai gyaran lantarkin mota ya cire ƙwan, in ce wa Inna iska ta tafi. Na sayi salatif ɗin, yana aljihuna, amma hannuna ya ƙi. Ban saba yi mata ƙarya ba, kuma kin san hanyarmu ba wadda mutum ke son tsayawa a daji ba ce. In mayar da tsofaffin wili kuma, Sharu ya samu abin yi mini dariya har tsufa, ga shi ina son sababbin nan. Yaya zan yi?

Naki,
Angon Ƙarni daga Anka

*

Angon Ƙarni, barka da arziki, Allah ya raya takwarar Inna, ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Na karanta wasiƙarka na yi dariya har na share hawaye, sannan na ɗaga waya na kira wani mai duba motoci da kwamfuta, don ni ban san kan mota ba sai dai in shiga a ja ni. Ban gama ba shi labarin ba ya tambaye ni ina tsofaffin wilin suke. Na ce suna zauren Inna. Ya ce to an gama.

Ga yadda abin yake. A cikin kowane tsohon wili, a gindin bawul ɗin da ake hura iska, akwai 'yar na'ura mai batir, masu gyara suna ce mata sensa. Aikinta ta riƙa sanar da mota yawan iskar da ke cikin taya. Motarka ta san waɗannan huɗun da lambobinsu, kamar yadda uwa ta san muryar 'ya'yanta. Sababbin wilin da ka sayo babu ko ɗaya a ciki. In ta kwana kusa da zaure, mota tana jin 'ya'yanta ta bayan bango, hankalinta kwance. In ka yi nisa takan ɗan jira, in ta ji shiru ya yi yawa sai ta fara cigiya, ita ce ƙiftawar nan. Tsamiya ba ta da laifi, tsayuwa kawai ta yi daidai inda haƙurin motar ke ƙarewa.

Maganin yana kusa. Ka kwashi tsofaffin wilin ka kai wurin masu gyaran taya da ke da inji, a Gusau ko Sakkwato, a ciro sensocin a hankali, don ƙarfen mai faci yakan fasa su. A sa su a sababbin wilin, da sabuwar robar da ke toshe bakin bawul, a daidaita tayoyin. Tunda mota ta riga ta san su, yawanci da ka ɗan yi tafiya fitilar za ta mutu. In batirinsu ya yi sanyi, ko ba su zauna daidai a sabon wili ba, sai a sayi sababbi. Ka faɗa musu motar 'yar Amurka ce, don nasu da na Turai ba harshe ɗaya suke ji ba. Mai kwamfuta zai jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari ya gabatar da su ga motar ɗaya bayan ɗaya. Yawan iskar da ya dace kuwa yana rubuce a jikin ƙofar direba, shi za a bi, ba bugun taya da ƙafa ba. Kafin ka ce an gama, ka bi hanyar Gummi ka wuce tsamiyar nan kai kaɗai.

Salatif kuwa ka ba Sharu ya liƙe bakinsa. Ban ƙi ta tasa gaba ɗaya ba, ƙyalli ba zunubi ba ne, wanda ya sha rana a kasuwa ya samu, ya ji daɗin abinsa. Ka riƙe sababbin wilinka. Amma fitilar nan ita ce za ta gaya maka ƙusa ta shiga taya tun kana cikin gari, kafin ka kai inda ba ka son tsayawa. Wanda zai ɗauko jaririya a wannan hanya ba ya rufe wa mai gadinsa ido.

Saura Inna. Ta yi kuskuren kalma, amma a kan babban abu ita ce da gaskiya: mota tana ƙorafi, ta ce ba za a sa jikarta a ciki ba sai an saurare ta. Kai da ka san boko kana yawo da salatif a aljihu. Don haka kada ka je mata da gardama, kuma kalmar iska ka ajiye ta, daga yau fitilar taya ce. In ka ciro sensocin, ka kawo ɗaya ka sa mata a tafin hannu ta juya ta gani, ka ce mata 'ya'yan motar ne ka bari a zaurenta, shi ya sa take kuka in ta yi nisa da gida. Matar da ta riƙe marayu ba sai an yi mata dogon bayani a kan wannan ba.

Ranar ɗauko mai jego ka bar ta ta yi turarenta da tofinta, addu'ar uwa ba ta yi wa tafiya yawa. Ka buɗe mata ƙofar gaba da hannunka, ka ce ita ce mai lura da fitila. In kun wuce tsamiya ba abin da ya kama, za ta dube ka ta ce ka gani, ita ta yi maganin abin. Ka ce haka ne, Inna, kuma ba ƙarya ka yi ba, don ba don ta kafe ba da yanzu salatif ne a wurin.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, Inna a gaba, takwararta a baya. Sharu kuma ya biyo ku a motar haya.

Taku,
Gwaggo Yalwa