Ashe Kogi Kuke Zuwa

Zuwa ga 'yata Dubravka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yara. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya ƙara muku lafiya. Mu nan lafiya lau. Babanki na kukan gwiwa amma bai fasa yankan inabi ba, kakarki kuwa tana nan da bakinta.

Ranar Talata na raka ƙanenki Vukashin zuwa birnin Belgrade, wajen likitocin nan masu bin lafiyar yaran da aka haifa bakwaini. Tun yana cikin kwalba, bai kai kilo ɗaya da rabi ba, suka rubuta sunansa, kuma duk bayan 'yan shekaru sai su kira shi su auna huhunsa. Bana ya cika ashirin da biyu. Kin san ya nace sai ya karɓi aikin gandun daji a dutsen Tara, ni kuma na ce ba da yawuna ba, sai in likita ta yarda. Na tafi da tabbacin za ta goyi bayana.

Aka matse masa hanci, ya hura bututu har fuskarsa ta yi ja, aka ɗora shi a kan keken motsa jiki. Likitar ta ce huhunsa bai kai na wanda ya cika wata tara ba, amma ya fi yadda ta zata, ta tambaye shi wane motsa jiki yake yi. Na yi caraf na ce babu. Na ce ban taɓa barinsa ya yi gudu ba, ko ya zauna tsakanin taga biyu a buɗe iska ta ratsa shi, kuma wuyansa a naɗe yake har watan Mayu. Sai ja'irin ya sunkuyar da kai ya ce tun yana ɗan shekara tara yake iyo a kogin Morava, wai yayarsa ce ta koya masa.

Dubravka, ashe ba laburare kuke zuwa ba? Ni ina gida ina yabon 'yata mai son karatu! Ƙarya ga uwa zunubi ce ko da ta yi kyakkyawan ƙarshe, ki je coci ki faɗa wa fada. Likitar dai dariya ta yi, ta ce ya tafi aikinsa, ya guji taba, ya dawo bayan shekara uku, ni kuma wai in gode miki. Na ɗauki jakata muka fito.

Na yi alkawari, na cika. Ranar Litinin zai tafi, da rigar sanyi biyu da na saƙa masa, ko ya so ko ya ƙi. Jiya da rana na buɗe tagogin kicin duka biyu, na zauna a tsakiya har shayina ya huce. Ga ni da raina. Kada kakarki ta ji.

Ki gaida mijinki Gvozden, ki sumbaci Tijana da ƙaramin Uglyesha. Idan kun zo hutu, ki kai su kogin, amma da sanina.

Mahaifiyarki,
Radmila