Zugazugi a Bakin Gadon Baba

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ina gajiya, ina aikin tashar jirgin ruwa? Yaya Delu da yara, da zaman Ikko? Mu nan Sheme lafiya lau, sai ɗari da ya tayar wa Baba ciwon gwiwa.

Ran kasuwar 'Yankara na iske abokinka Tanko maƙeri da sabon zugazugi, ba irin na fata ba. Ƙafar keke ce ake juyawa, iska na fita ta bututu. Na tsaya kallo har na manta gishirin Inna. Na ce a raina, ashe wannan ba zai ƙara wa gadon ƙasan Baba ɗumi ba?

Na aro shi, na kafa bututun bakin ramin da ake zuba garwashi ƙarƙashin gadon. Kafin ka ce kwabo gawayi ya yi jajir, tabarma ta fara ƙauri. Baba ya diro daga gado ba sanda, yana cewa, "Isiya, ni gatari ne da za ka ƙera?"

Amma nan da nan gawayin ya zama toka, gado ya huce, alhali wutar da Inna ke fifitawa takan kai safe. Shin iskar ƙara zafi ta yi, ko na gobe ta kwaso ta ba mu yau? Don Allah ka tambayar mani masu gyaran inji na wurinku.

Ka gaishe da Kawu Sale, a sa Baba cikin addu'a. Ya hana ni taɓa wutarshi, amma jiya na iske shi yana juya ƙafar keken da kanshi, sannu sannu.

Ƙanenka,
Isiya