Manjo Yamusa Ya Tafi, Fayil Ɗinsa Bai Iso Ba

Cikin alhini, da ɓacin ran da ya shekara ashirin yana cin mu, Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Karshi da Kewaye take sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma kwamandanta, Manjo Alhaji Yamusa Hadi, ranar Talata a Gwagwalada. Manjo muka ce, ko da an kankare masa shi a takarda.

Marigayin ya shiga soja yana kurtu, ya kai Manjo da guminsa. A yaƙin basasa aka yi mana ƙawanya a bakin kogi, mu sittin da ɗaya, harsashi ya ƙare, agajin da aka ce yana tafe bai zo ba. Sai ya tuɓe singiletinsa ya ɗaura a bakin bindiga, ya miƙa wuya. Ni mai maganar nan ina cikinsu, da harbi a cinya. Bayan yaƙi, waɗanda ba su taɓa shaƙar albarushi ba suka cire masa anini, suka rubuta matsoraci a littafin sallamarsa.

Ya sha ba mu labarin wani janar na ƙasar Hungary, wanda ya ci yaƙe-yaƙe a gwagwarmayar 'yancinsu shekara ɗari da arba'in baya, daga ƙarshe ya ajiye makamai don kada a ƙarar da dakarunsa, aka kira shi maci amana, sai da ya tsufa sojojinsa suka wanke shi. Ni ban yi boko ba, ban san inda Hungary take ba, amma wancan ya ji wankin da kunnensa. Namu bai ji ba.

Duk koken da muka kai, amsa ɗaya ce: fayil yana Legas. To, ga gwamnati ta taso Abuja. Wata biyu marigayi yana wuni a bakin titin Gwagwalada yana kallon motocin da ke kwaso kayan ofisoshi, ko nasa na ciki.

A maƙabarta, bisa al'adarmu, mun jeru mun kira sunansa da muƙaminsa sau uku, mun sara masa. Wanda ya ga hakan laifi ne, ya san hanyar Karshi.

Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba Hajiya Rekiya da 'ya'yansa, Nuraddeen da Zaituna, juriyar wannan babban rashi.

Mu goma sha huɗu muka rage. Kafin faretin tunawa da mazan jiya, ogan da fayil ɗin yake hannunsa ya fito ya goge kalmar nan ta matsoraci, ko ya dubi idonmu ya gaya mana wane ne a cikinmu ya kamata ya mutu a bakin kogin.

Saje Ɗangoggo Manniru (mai ritaya)
Kakakin Ƙungiya
Disamba, 1991