Sassaƙen Maɗaci don Gwaggonki

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin gandun daji? Ni dai sai ciwon gwiwa, shi ma mun saba.

Ciwon cikin gwaggonki ya tashi. Tana shan maganin asibiti, amma ta kafe sai an haɗa mata da sassaƙen maɗaci, irin wanda kakarki ke jiƙa mata. Mijinta kuwa, wai shi babban mai magani, ya kewaye jeji kwana uku ya dawo da buhu wayam. Ina zai samu? Shi da ire-irensa sun bi kowace bishiya sun feɗe ta kewaye kamar akuya, ta bushe a tsaye, masu gawayi suka ƙarasa ta. Shekara talatin ina malamin daji, ina gaya musu a yanki gefe guda, a shafe wurin da laka. Suka ce boko ya juya mini kai. Ranar da muka kafa shingen gandun, mutumin nan ya tsaya a bakin kasuwa yana cewa na kulle maganin kakanni. Jiya sai ga shi a zaurena, ya durƙusa, yana kirana Yaya.

Ki nema masa izinin shiga, don ita, ba don shi ba. Amma wuƙar ta zauna a hannunki.

Ki gaishe da kowa.
Mahaifinki

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki ta fara cin abinci. Ko na likita ne ya yi aiki ko sassaƙen, ban sani ba. Mijinta dai ya riga ya sanar da unguwa cewa hannunsa ne. Bai ambaci gandun ba, balle ke.

Ashe ranar da kika shigar da shi gandun, da kika juya baya ya cika aljihu da 'ya'yan maɗaci. Ya shuka su a gwangwanaye bayan ɗakinsa, mutum mai shekara saba'in, kan itacen da sai ya shekara ashirin kafin a taɓa shi. Na je duba gwaggonki na gan su: ya binne su da zurfi kamar gawa, ya jera gwangwanayen a cikin rana. Na gaya masa ko wannan bai iya ba.

Na tone su na sake shukawa. Gobe zan koma da butata ta ban-ruwa, don ban yarda da shi ba.

Naki,
Mahaifinki