Reshen Ilinca

Zuwa ga ƙanena Octavian,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Kanada. Mu nan Bucovina lafiya lau. Matata Profira tana fama da gwiwa, amma bai hana ta tuƙa tuwon masara da cuku ba, bai kuma hana ta yi mini faɗa ba.

Saƙonka ya iso, cewa in raba 'yarka Ilinca da farauta, in turo maka ita tun ba ta zama abin dariyar gari ba. Na san wanda ya kai maka labarin, na kuma san rabi ya kai. To ga cikonsa daga bakin wanda ya gani.

Tun da na bar koyarwa a makaranta, ni ke horar da sababbin shiga a ƙungiyar mafarautanmu, kuma ban taɓa samun ɗalibi mai natsuwarta ba. Na koya musu aiki da mariƙin nan mai ƙafa uku: ka fara ɗora masa madubin hangen nesa, ka ƙare wa dabba kallo har ka san shekarunta, sannan ka cire madubin ka kwantar da bindiga a gurbinsa. Gavril, shugaban ƙungiya, ya tsani abin. A gaban kowa ya ce shi a saninsa, abu mai ƙafa uku a hannun mace tukunya ake ɗora masa. Aka kwashe da dariya. Ilinca ta ce masa Baba Gavril ya yi haƙuri, sai ta samo naman tukuna, tunda shi bana bai kawo ba.

Ranar fitarta ta farko, barewa namiji ya fito a ƙetaren kwarin da ke bayan tsohon injin katako. Ta kafa ƙafafun, ta duba, ta ce yaro ne, ba za ta taɓa shi ba. Aka yi ta zunguri, wai tsoro ya kama 'yar malam. Ba ta ko waiwaya ba. Can sai wani tsohon barewa ya biyo baya yana ɗingishi, wanda dama shi aka ba mu izini a kansa. Harsashi ɗaya, ya faɗi inda yake tsaye, bai sha wahala ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka san al'ada: shugaba ne ke karya ɗanyen reshe, ya sa rabi a bakin dabbar, ya shafa rabi a jininta, ya miƙa wa maharbi a kan hularsa. Wanda bai karɓi reshen nan ba, ba a ƙirga shi maharbi. Gavril ya zuba hannu a aljihu, ya ce ƙarfen nan mai ƙafa uku ne ya yi harbin, in ana so a ba ƙarfen. Sai na cire tawa hular, na karya reshen, na miƙa mata a gaban idonsa.

Yanzu 'yan ƙungiya sun sa ranar zama, za su karɓe horon matasa daga hannuna don na shiga hurumin shugaba. Na shiga, kuma gobe ma zan shiga. Profira ta ce in je in ba da haƙuri. Na ce haƙurin me? Ni da Gavril mun sha bin sawun jinin dabbar da aka raunata wuni guda saboda harbin masu alfahari da ƙwanji. In sun kore ni, bayan gidana akwai fili, yaran kuma sun san hanya.

Don haka ba zan turo ta ba. Ba kaya ba ce, kuma ta ce ba ta zuwa. Ta maƙala reshen a hularta, tana ratsa kasuwa da shi. Ta yanko maka ɗan guntu, ga shi cikin ambulan. Gani ya kori ji. Ka shinshina dajin da ka bari, sannan ka rubuto mini waye abin dariya.

Ka gaida Domnica da ɗan autanku Sorin. Profira da Inna Saveta suna gaishe ku.

Ni ne yayanka,
Ilarie